Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Taɓa EGR a Motar Dizal ta Shiga Daji

Duk wanda ya taɓa kwance manifol ɗin shigar iska na motar dizal da ta sha tafiya, ya ga baƙar dauɗar da ta kama cikinsa kamar kwalta har ta cinye faɗin hanyar iska, ya san abin da ya sa masu Land Cruiser da Hilux da Patrol da Defender suke jin haushin EGR, wato na'urar da ke mayar da hayaƙi cikin injin. Daga nan sai a yanke hukunci: a toshe shi, mota ta samu ƙarfi. Wasu sukan ji daɗin abin, wasu kuma motar ta koma fitar da baƙin hayaƙi, ko ta riƙa sarewa a tsakiyar hawa, ko turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin, ya tafi.

Aikin EGR ba shi da wuyar ganewa. Bawul ne da bututu da ke ɗebo wani kaso na hayaƙin da zai fita ta salansa, su mayar da shi cikin silinda. Hayaƙin da ya riga ya ƙone oksijin ɗinsa kaɗan ne, saboda haka yana sassauta zafin ƙunar mai. Gubar da ake kira NOx tana yawaita ne idan zafin cikin silinda ya haura digiri 1,300 na ma'aunin Celsius, kuma ita ce dokokin hayaƙi suka fi matsa wa injin dizal a kanta. A Turai, ƙa'idar Euro 5 ta 2009 ta yarda da miligiram 180 a kowace kilomita ga ƙananan motocin dizal, Euro 6 ta 2014 ta sauko da shi zuwa 80. Don haka duk injin da aka ƙera a wannan zamani, da EGR aka tsara shi tun daga tushe, ba daga baya aka liƙa masa ba. Yawancin kurakuran da ke tafe daga manta wannan suke fitowa.

Neman ƙarfi inda babu shi

Babban kuskuren shi ne zaton cewa akwai dawakai da yawa da bawul ɗin ya ɗaure. A mafi yawan injinan dizal na ƙananan motoci, EGR yana buɗewa ne idan mota tana sulo ko tana tafiya a hankali ba tare da nauyi ba. Da zarar ka danna totur har ƙasa, kwamfutar injin takan rufe shi, domin a lokacin iska zalla take bukata. Wato a daidai wurin da mai shiga daji yake neman ƙarfi, a cikin yashi mai zurfi ko a kan tudu da tirela a baya, lafiyayyen EGR a rufe yake dama. Abin da toshewa ke iya canzawa shi ne yadda mota ke amsa totur daga ƙasa, ta ɗan fi saurin tashi. Wannan gaskiya ne, ana jin sa a ƙafa, amma ba shi ne ƙarin ƙarfin da ake tallatawa ba.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa motarsu ta zama sabuwa bayan toshewa? Galibi bawul ɗinsu ya maƙale ne a buɗe saboda kunkunniya, hayaƙi yana kwarara ciki ko a lokacin da bai kamata ba. Toshewar ta rufe ɓarakar, ƙarfin da motar ta zo da shi ya dawo. Da an wanke bawul ɗin ko an sa sabo, da sakamakon ɗaya ne.

Wannan ya kawo mu ga yin aiki ba tare da gwaji ba. Rashin ƙarfi da hayaƙi suna da dalilai barkatai: matatar iska da ƙura ta cika, nozul da ya gaji, tiyon turbo da ya tsage, sensar auna iska da ta yi datti, ko sensar matsin manifol da kunkunniya ta toshe wa baki. Motar daji ta fi kowace mota fuskantar waɗannan, don ƙura take sha kullum. Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, a sa kwamfutar gwaji. Lambar P0401 tana nufin hayaƙin da ke dawowa bai kai yadda ake so ba, P0402 kuma ya yi yawa, P0403 matsalar wutar da ke sarrafa bawul ɗin ce. Akwai gwaji mai sauƙi: mota tana sulo, a umarci bawul ɗin ya buɗe ta kwamfutar, a dubi adadin iskar da sensa ke nunawa. Idan adadin ya sauka da aka buɗe, ya koma yadda yake da aka rufe, bawul ɗinka lafiya lau, nemi matsalar a wani wuri.

Dauɗar ba ta EGR kaɗai ba ce

A nan ne, a ganina, aka fi yin asarar kuɗi da lokaci. Kunkunniyar da EGR ke kawowa busasshiya ce, da ita kaɗai ce da mafi yawanta ta wuce cikin silinda ta ƙone. Abin da ke mayar da ita laka mai danƙo shi ne tururin baƙin mai da ke fitowa daga bututun numfashin injin, wanda shi ma ake mayarwa cikin hanyar iska kafin turbo. Mai ya jiƙa bangon manifol, kunkunniya ta zo ta manne, zafi ya gasa su. Idan ka raba su biyun, ka rage matsalar sosai ba tare da ka taɓa EGR ba. Abin da ake sawa shi ne gwangwanin tare mai a kan wannan bututu, irin ProVent na kamfanin Mann+Hummel, wanda ke tace man ya bar iska ta wuce. Sai dai shi ma ana kuskure da shi. A sayo ƙarami mai siririn tiyo wanda aka yi don injin fetur, ya kasa ɗaukar numfashin injin dizal, matsi ya taru a ciki, mai ya fara tsiyaya ta roba-robar injin. Ko kuma a sa mai kyau a manta da zubar da abin da ya tara har ya cika. Girman tiyon ya yi daidai da na asali, kuma a riƙa juye shi duk lokacin canjin mai.

Wasu kuma su toshe EGR su bar tsohuwar dauɗar a inda take, suna jiran ta tafi da kanta. Ba ta tafiya. Manifol ɗin da ya ƙuntata yana nan a ƙuntace. Dole a kwance shi, a jiƙa, a kankare, a wanke a waje. Kada a kankare shi yana jikin injin, domin gutsuren da ya faɗa ramin bawul ɗin shigar iska na kan injin yana iya hana bawul ɗin rufewa, ko ya bi ta silinda ya je ya doki fukafukan turbo. Ramukan da ke jikin kan injin a toshe su da tsumma mai tsabta kafin a fara, a kuma ƙirga tsummokaran kafin a mayar. Maganin feshi da ake fesawa injin yana aiki yana iya ɗaukar ƙaramar dauɗa, amma ba ya iya da wadda ta shekara tana taruwa, kuma injin dizal yana iya ƙona shi a matsayin mai, ya yi ƙara ya tashi da gudu ba da izininka ba.

Faranti ba tare da sanin kwamfuta ba

A tsoffin injina masu famfon mai da ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, saka farantin ƙarfe da ke toshe hanyar EGR ƙaramin aiki ne. A injinan zamani kuwa kwamfuta tana lissafi. Ta san idan ta buɗe EGR, iskar da ke wucewa ta sensa za ta ragu. Idan ta buɗe ba ta ga raguwar ba, sai ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage ƙarfin injin don kare shi. Mai neman ƙarfi ya wayi gari da motar da ba ta iya hawan tudu. Akwai kuma wani murfi a bakin manifol da kwamfuta ke ɗan rufewa don ta jawo hayaƙin ciki. Idan hanyar hayaƙin a toshe take, murfin kuma yana ci gaba da rufewa, injin ya rasa ta ko'ina, sai shaƙewa da baƙin hayaƙi.

Turbo ma yana cikin lissafin. Hayaƙin da ya saba komawa manifol yanzu duk ta kan turbo zai bi. A turbo mai fukafukai masu motsi, wannan na iya sa matsin iska ya yi tsalle ya wuce iyaka. Injin ZD30 mai lita 3.0 na Nissan Patrol ya yi suna da wannan, har masu shi a Ostareliya suka saba haɗa toshewar da wasu ƙananan bawuloli na daidaita matsi da agogon lura da shi. Wanda ya kwafi toshewar kaɗai ya bar sauran, ya ɗauki rabin darasi. Kuma ko farantin kansa, idan siririn alminiyam ne, wutar salansa za ta huda shi, gutsurensa su shiga injin. Ƙarfe marar tsatsa mai kauri ake sawa, da sabon gasket.

Daga nan sai a ce a je a sake wa kwamfutar tsari. Masu wannan sana'a suna da gwanaye, suna kuma da waɗanda abin da suka iya kawai shi ne goge lambar kuskure don fitila ta mutu, su ƙara mai don ka ji mota ta yi zafi. Ƙarin mai ba tare da isasshiyar iska ba yana ɗaga zafin salansa, kuma a nan fistin ke tsagewa. Tafiyar daji ta fi muni a wannan fanni: giya ƙarama, nauyi mai yawa, iskar da ke bugun lagireto kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsarin mai ya sa agogon zafin salansa. Makanikai da yawa suna ɗaukar wajen digiri 700 kafin turbo a matsayin iyakar da bai kamata a daɗe a kai ba. Ka kuma san inda aka dasa sensar, domin wadda ke bayan turbo tana nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 200. Ka ajiye kwafin tsarin asali kafin a taɓa komai.

Idan motarka tana da matatar kunkunniya ta DPF, kamar Hilux da Prado masu injin 1GD na lita 2.8 da aka fara a 2015 a kasuwannin da doka ta bukaci haka, ka yi taka-tsantsan ninki biyu. Matatar tana ƙone abin da ta tara ne a wajen digiri 600, kuma kwamfutoci da yawa ba sa fara wannan ƙunar muddin akwai lambar kuskuren EGR a ajiye. Matatar ta yi ta cika har ta toshe, kuma ta fi bawul tsada nesa ba kusa ba. Masu amfani da AdBlue kuma, wato ruwan da ake fesawa cikin salansa don rage NOx, NOx ɗin da ya ƙaru zai sa motar ta riƙa shan ruwan fiye da kima, sensocinta su yi ta ƙorafi.

Na'urar sanyaya hayaƙin EGR tana da nata tarkon. Ruwan lagireto ne ke bi ta cikinta, saboda haka idan ta tsage, ruwa ya riƙa raguwa, farin hayaƙi ya fito, sai a ɗora wa gasket ɗin kan injin laifi a sauke kai a banza. A injin Power Stroke mai lita 6.0 na Ford, na 2003 zuwa 2007, sanannen abu ne cewa na'urar sanyaya baƙin mai ce ke fara toshewa, ta hana ruwa isa ga ta EGR, ita kuma ta ƙone ta fashe. Wanda ya canza ta biyun ya bar ta farkon zai sake dawowa gareji. Idan an taɓa wannan sashe, a tabbatar an haɗa hanyar ruwan daidai, an kuma fitar da iskar da ta shiga.

Saura batun doka, wanda rubutun "don amfani a daji kawai" da ke jikin kwalin kayan ke sa mutane su raina. A Amurka dokar tsabtar iska ta haramta cire ko kashe na'urar rage hayaƙi a motar da aka yi wa rajistar hanya, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ta ci tarar masu sayar da irin waɗannan kaya duk da wannan rubutu. Kamfanin Cummins kansa ya amince a Disamba 2023 zai biya dala biliyan 1.675 kan na'urorin kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram. A Birtaniya an tsaurara gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, a Mayu 2018, motar da aka ga alamar an taɓa mata DPF faɗuwa take yi. Garanti yakan tafi, kamfanin inshora ma yana iya ƙin biya idan ya gano canjin da ba a sanar da shi ba. Motar daji kuwa kusan kowace sai ta bi kwalta kafin ta isa dajin, don haka ka duba dokar ƙasar da kake kafin ka sayi faranti. Ga motar da ke hawa hanya, tsarin da zan bi shi ne gwaji da kwamfuta, wanke manifol da bawul da sensoci, gwangwanin tare mai, baƙin man da littafin motar ya ambata tare da canza shi da wuri idan ana yawan sulo da tafiyar ƙura, sannan a riƙa ba ta doguwar tafiya da injin a zafinsa lokaci zuwa lokaci don matatar ta samu damar ƙone abin da ta tara.