Yadda za ka fara karanta tarihin sufancin Yahudawa da Kiristocin Turai

Kada ka fara da Zohar, babban littafin Kabala, wato sufancin Yahudawa. Sunansa ya fi tashe, shi ya sa kowa ke dosarsa, amma littafi ne na Aramiyanci mai sarƙaƙiya da ya ɓulla a Kastil ta Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa de León, kuma bai yi wa wanda bai san Attaura ciki da bai tanadi ba.

Ni shawarata, ka soma da nassosi biyu na Baibul da ɓangarorin biyu suka gada: babin farko na Ezekiyel, mai wahayin karusa, da Waƙar Waƙoƙi. Kan na farko Yahudawan dā suka gina ilimin Merkaba, na hawan ruhi zuwa fadojin sama. Na biyun kuwa, Bernard na Clairvaux, malamin Kirista a Faransa, ya yi masa huɗubobi 86, ya rasu a 1153 bai wuce farkon babi na uku ba. Karanta huɗuba ɗaya ko biyu ka ga yadda suke tatsar aya guda.

Daga nan sai marubucin Kiristan da ya ari sunan Diyonisiyus, wajen shekarar 500. Littafinsa kan tauhidin sirri babi biyar ne kacal, a zaune ɗaya za ka gama, amma ka maimaita. Maganarsa ita ce Allah ya fi ƙarfin duk siffar da harshe zai kawo, sai dai a kusance shi ta kore siffofin. In ba ka riƙe wannan ba, wa'azin Meister Eckhart, sufin Kirista Bajamushe, zai zame maka tatsuniya.

Kowane marubuci ka ɗauka, rubuta shekararsa da garinsa, sannan ka tambayi wa ke sa masa ido. An ƙone sufiyar Kirista Marguerite Porete a Paris a 1310 saboda littafinta. A 1329 Fafaroma John na 22 ya soki maganganu 28 na Eckhart, bayan mutumin ya rasu. Teresa ta Avila, wadda kakanta Bayahude ne da ya koma Kiristanci, ta yi rubutu kotun coci na dube-dube. Yawan ƙasƙantar da kai da za ka gani a shafukanta, wani ɓangarensa kariya ce.

Yanzu ka iya komawa Kabala. Zana sefirot goma, wato siffofin da Kabala ke cewa Allah na bayyana ta cikinsu, a takarda, ajiye kusa, ka riƙe littafin Gershom Scholem na 1941 kan sufancin Yahudawa a matsayin ɗan jagora. Bi waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 har Safed ta Galili, inda Ishaku Luria, wanda ya rasu a 1572, ya koyar cewa Allah ya janye kansa ne don halitta ta sami wuri.

Kabalar Pico della Mirandola ta 1486 kuma, sa ta a jerin Kiristoci. Hujjar addininsa ya je nema a littattafan Yahudawa.