Kafin ku mayar da asibitin bariki kan waya, ga ramukan da muka faɗa

Na daɗe a ɗakin kati na wani asibitin bariki a nan Abuja, kuma duk yaron kwamfutar da aka turo mana da sabuwar manhajar ganin likita, ramin da na gabansa ya faɗa shi ma nan yake nufa. Bakina ya gaji, bari in rubuta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaure komai da lambar wayar soja. A takarda abin ya yi kyau: shi ne mai lambar aiki, ta kansa inshora ke bi ta ɗauki matarsa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. To amma ku zo bakin tagarmu da safiyar Litinin ku ƙirga masu kaki a layi. Mata ne da goyo suka fi yawa. Ni kaina na goyi bayan wannan tsari a taro, har ina cewa zai hana masu aron kati. Ba a jima ba wata baiwar Allah ta zo daga Mararaba, yaronta jiki kamar garwashi. Na shigar da lambar mijinta, kwamfuta ta tura lambar sirri zuwa wayar maigidan. Ta dube ni ta ce, "Malam, babansu fa yana daji a Borno, sati biyu ban ji muryarsa ba." Fayil na gabana, ya ƙi buɗuwa. Na yago takarda na rubuta mata kati da hannu, washegari ni aka kira ofis in yi bayani. Tun daga ranar ba na yi wa soja rajista sai na karɓi lambar matar daban, in buɗe mata nata shafin, yara kuma in haɗa su da iyayen duka biyu. Kuma ku bar wa ɗakin kati hanyar tantance mutum da katin shaidarsa idan saƙo bai iso ba.

Na biyu, sirri. Haba jama'a! Wa ya ce muku a tura sakamakon gwaji ɓaro-ɓaro ta saƙon tes? Wayar nan a shagon caji na kasuwar mami, wato kasuwar bariki, take yini, yara na wasa da ita, wani lokaci ma ta miji ce. Saƙo ya tsaya a "sakamako ya fito, a zo a ga likita", shi ke nan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake kaffa-kaffa da su, amma sai ka tarar da ma'aikata biyar na shiga da kalmar sirri ɗaya, an ma manna ta a jikin kwamfuta. Kofur ɗin da ya dawo daga bakin daga ba ya iya barci ba zai rubuta damuwarsa a manhajar da yake zargin ogansa na leƙawa ba. Ni a ganina kwamanda ya san ko yaronsa zai iya aiki ko ba zai iya ba, sauran na likita ne.

Kada ku kulle katin takarda rana ɗaya don an yanka kyalle an ɗauki hoto. Sojojin Amurka da duk kuɗinsu sun fara shimfiɗa tsarinsu na ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, MHS Genesis, a 2017, sai 2024 suka kammala, wuri bayan wuri. Ranar da wuta ta ɗauke, janareto ba mai, katin nan shi ne gatanku.

Manhaja mai cin data ba ta matar bariki ba ce, ku tanadi hanyar da ƙaramar waya za ta iya. Turanci zalla ma haka. Horo kuma a fara da mu 'yan taga da nas-nas, ba manya kaɗai a otal ba. Idan an yi wa soja canjin wuri zuwa Jos ko Kaduna, a tabbatar fayil ya bi shi.

Sanarwa kuwa na daina wahalar manna ta a bango. Magajiyar bariki, shugabar matan sojoji, nake nema in nuna mata a wayarta, kafin la'asar kowane layi ya ji.