Yaro ya iya kiɗan kwaɗo, amma ya iya karanta shi?

Duk mai koyar da yara fiyano a Zariya, ko a coci ne a Wusasa da Sabon Gari ko a makarantun kuɗi na Samaru, ya san amfanin gajerun kaɗe-kaɗen dabbobi. Giwa tana takawa a hagu inda sauti yake da kauri, tsuntsu yana can dama, kwaɗo kuwa tsalle yake yi, yatsa ya taɓa ya ɗaga. Yara na kama su nan take. Sababbin malamai ne ke ɓata aikin, kuma na gaji da ganin abu ɗaya kullum.

Babban kuskure shi ne cakuɗa hadda da karatu a kiɗa ɗaya. Kowace da aikinta. A hadda kai ne za ka kaɗa, yaro ya kalla, ya saurara, ya kwaikwaya, ba takarda. A kan haka Shinichi Suzuki na Japan ya gina hanyarsa: yaro ya fara ji kafin ya karanta, yadda yake koyon harshen uwa. Kiɗan karatu kuma dole ya fi na hadda sauƙi nesa ba kusa ba, tunda hannu yana riga ido ƙwarewa. To amma me ake yi? A ɗora takarda, malam ya yi ta kaɗawa har yaro ya haddace, sannan a ce wai ya iya karatu. Kamar ɗan makarantar allo ne da yake bin sura da yatsa, in ka nuna masa baƙi ɗaya a tsakiya sai ya yi zuru.

An taɓa kawo mini wata yarinya daga hannun wani malami. Ta kaɗa kiɗan kwaɗo tsaf, idonta na kan takarda. Na ɗora yatsa a gaɓa ta biyar, wato ɗan yanki na biyar na kiɗan a takarda, na ce fara daga nan. Shiru. Ashe layukan nan biyar da ake rubuta alamun kiɗa a kai, ba ta san me ke kansu ba. Da na mayar da ita farko, mahaifinta ya ce, "Malam, ai ta wuce nan tuni, baya za ka mayar mana da ita?" Ya kwashe ta har da ƙannenta, kuɗin zangon ya bi su. Malamin da ya yi ɓarnar kuwa har yanzu yabonsa suke yi. Ni dai ga yadda nake yi: kiɗan hadda ba ya ganin takarda, sai dai hoton dabbar. Na karatu kuma sabo ne kowane zama, gaɓa huɗu kacal, kuma ba na kaɗa shi sai yaro ya gwada da kansa, ko da zai yi ta tuntuɓe.

Sai masu manna filasta a kan maɓallai suna rubuta sunayensu, C, D, E, da maka. Don Allah ku daina! Ranar da yaron ya zauna gaban kibod ɗin da ba a manna wa komai ba, ya ɓace. Fiyano maɓallai 88 gare ta, farare 52, baƙaƙe 36, kuma baƙaƙen a jere suke bibbiyu da uku-uku. Ƙaramin kibod mai 61 ma haka yake. D tana tsakanin baƙaƙe biyu, C na hagunsu. Shi ya sa nake fara hadda a kan baƙaƙen: kurege ya yi tsalle daga biyun farko har ƙarshen kibod, kafin sati ya zagayo yaro ya san hanya. Iyaye ma sai an ja musu kunne, don sau da yawa a gida ake mannawa.

Rubuta lambar yatsa a kan kowace alamar kiɗa a takarda shi ma makanta ne, ta farko ta isa. Littattafan Amurka da Ingila cike suke da dabbobin da yaranmu ba su taɓa gani ba, sai ka canza suna zuwa zomo ko agwagwa, kiɗan bai canza ba. Kibod ɗin da ba ya bambanta dannawa da ƙarfi da dannawa a hankali ba zai raba giwa da ɓera ba, a duba kafin a saya. Kujera in ta yi ƙasa a ƙara matashi har gwiwar hannu ta yi daidai da maɓallai, ƙafa kuma a sa mata ɗan akwati. Yaron da ke gudu da kowane kiɗa, kunkuru nake ba shi, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da baki har ya kai ƙarshe.