Yadda za ka tattara tarihin ƙungiyar masu motoci ta garinku

Da mahaifina ya rasu, na tarar da wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa a gidanmu na Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. A ciki akwai littafin kuɗin taro, rasitai, da hotunan ƙungiyarsu ta masu Fijo, wadda kan yi jerin gwano zuwa Daura ko Jibiya bayan salla. Gara ta cinye kusan rabin littafin. Na yi ta bin diddigi har labarin ya haɗu, kuma ga yadda zan shawarci duk mai son yin irin wannan aiki.

Fara da mutane, takarda ta jira. Kuskurena ke nan: na ɓata watanni ina jera rasitai, kafin in waiwayi tsohon ma'ajin ƙungiyar Allah ya yi masa rasuwa. Har yau abin yana ci mini rai. Ka rubuta sunayen dattawan da suka rage, ka fara da wanda ya fi tsufa. Kada ka tsaya kan shugabanni kawai. Bakaniken da ya riƙa gyara musu kafireta ya fi kowa sanin motar wa ta mutu a hanyar Mashi, da wanda ya ja ta.

In za ka je, tafi bayan la'asar da ɗan goronka, ka durƙusa ka gaisa sosai. Kada ka ce, "Baba, a wace shekara aka kafa ƙungiya?" Zai ce maka an daɗe. Miƙa masa hoto ka yi shiru. Wani dattijo da na kai wa hoton wata Fijo 404 ya ɗora yatsa a kan fitilarta, ya yi kusan minti guda bai ce uffan ba, sannan ya shiga lissafo mutanen da ke jingine da ita ɗaya bayan ɗaya, har da yaron mota. Nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. In kana son shekara, tambaye shi ko zamanin Sarki Usman Nagogo ne, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ko bayansa.

Sanya wa hoto da takarda shekara shi ne inda aikin yake da daɗi, domin kayan da kansu suna ba da shaida. Dubi kuɗin da ke rasit: in fam da sule ne, kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira ta fito. Dubi hannun da motoci ke bi a titi: Najeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Amma kada ka dogara da sitiyari kaɗai, musamman a nan Katsina. Motocin Maraɗi masu sitiyari a hagu suna shigowa tun kafin canjin, tsofaffin namu masu sitiyari a dama kuma ba su ɓace rana ɗaya ba. Sunan jihar da ke kan takarda ma yana magana. Jihar Arewa ta Tsakiya na nufin 1967 zuwa 1976, Jihar Kaduna daga nan zuwa 1987, Jihar Katsina kuwa daga 23 ga Satumba 1987. Sai ita motar: 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, 505 kuma sai 1979. Wani hoto da kowa ya rantse mini na zamanin yaƙin basasa ne, da na duba da kyau sai ga bayan 505 a gefe. Yaƙin ya ƙare a 1970, ka ga magana ta ƙare.

Ka bambance ƙungiyar sha'awa da ta sana'a. Dattawa kan cakuɗa labarin kulob da na ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, saboda mutum ɗaya kan kasance a duka biyun.

Idan ka gama da gari, leƙa Kaduna. A Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa ka nemi tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, ka bi makwannin salla, lokacin da aka fi yin fita.

In mutum biyu suka saɓa kan wanda ya riga isa Daura, rubuta duka ruwayoyin da sunan wanda ya faɗa, kada ka yi alƙalanci. Kowane hoto ka ɗauke shi da waya gaba da baya, don sau da yawa akwai hatimin mai hoto a bayan. Sannan ka mayar wa mai shi abinsa a ranar da ka yi alkawari, hannu da hannu. Wata gyatuma ta ba ni aron hoton mijinta ɗaya tilo a naɗe cikin ɗankwali, a haka na mayar mata da shi washegari da safe.