Yadda zaka tsara selkon mai ɗaki ɗaya in shine furojet ɗinka na makaranta

Da wuya ɗalibin da ke karanta zanen gine-gine ko adon cikin gida ya gama makaranta ba'a bashi wannan aikin ba, ace ga ɗaki ɗaya mai banɗaki da ɗan lungun girki, irin wanda muke cewa selkon, ka tsara shi yadda mutum ɗaya zai zauna a ciki. Abinda yafi damuna shine da yawa daga cikinmu Pinterest, shafin hotuna na intanet, muke fara buɗewa, a kwaso hoton wani ɗaki na Turai mai farar kujera da ƙatuwar taga tun daga ƙasa har sama, a kwafa a kai. A takarda kam yayi kyau. Amma ba inda za'a shimfiɗa dadduma, ba inda jarkar ruwa zata zauna, ga tagar tana kallon yamma a garin da rana ke gasa mutum a watan Afrilu. To ga yadda nake ganin ya kamata abi aikin, daga farko har ranar difens, wato ranar da zaka kare aikinka a gaban malamai.

Abu na farko, ka nemi ɗaki na gaske ka auna. Kar ka ƙirƙiro shi a kai. Unguwannin ɗalibai cike suke da irinsa, Samaru a Zariya, ko wajajen hanyar Gwarzo kusa da sabuwar BUK a Kano, ko ma ɗakin da kake ciki yanzu. Ka riƙi tef mai mita 5, da fensir da littafi, da wani ya riƙe maka bakin tef ɗin. Ka auna tsawo da faɗi daga bango zuwa bango, sannan tsayi daga ƙasa zuwa silin, sannan faɗin ƙofa da gefen da take buɗewa, faɗin taga da tsayinta daga ƙasa, inda kowane soket yake, inda makunnin fitila yake, inda fanka take rataye. Kuma ka auna kowane bango daban, domin maginanmu ba kullum suke fitar da kwana daidai ba, zaka iya samun bango ɗaya yafi ɗan'uwansa da santimita 5 ko fiye, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya hana wadirob shiga lungu. Ka buɗe kamfas na wayarka ka rubuta ina ne arewa. Ka ɗau hotuna ta kowace kusurwa.

Mu ɗauka ɗakin irin wanda aka fi ginawa ne, ƙafa 12 sau ƙafa 12, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, murabba'in mita 13 kenan in an cika. Shikenan abinda kake dashi.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa, ka san waye zai zauna a ɗakin. Zauna dashi ka tambaye shi yadda yake wuni. A ƙasa yake cin abinci ko a tebur? Yana girki kullum ko siyowa yake? Karatu a kwance yake yi ko a zaune? Abokai nawa ke zuwa hira, kuma in sun zo ina suke zama? Mace ce mai atamfofi da lesuka da mayafai da ake ninkewa, ko namiji ne mai manyan kaya da ake ratayewa da huluna da basa son a danne su? Akwai ruwan famfo kullum ko sai an tara a jarka da baho? In wuta ta ɗauke da me yake gani? Duk amsar da ya baka fili take ci a ɗakin. Ka rubuta su a shafi ɗaya, wannan shafin shi zaka dinga komawa duk lokacin da ka rikice.

Sai zane. Ni shawarata ka fara da hannu kafin ka taɓa kwamfuta. Ka samu takardar A3 ka zana ɗakin a sikelin 1:20, ma'ana santimita 1 a takarda santimita 20 ne a ƙasa, kaga bangon mita 3.6 zai zama santimita 18. Sannan ka yanka kwali ƙanana daidai girman kayan ɗaki a wannan sikelin, katifa, tebur, wadirob, kujera, firji, har da dadduma, ka dinga matsar dasu akan takardar kamar mai yin dara. Cikin minti 10 zaka gwada tsari biyar, abinda zai ci maka dare guda a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta. In ka samu wanda ya zauna sai ka kai shi kwamfuta, manhajar SketchUp ma ta isa don fitar da hoton yadda ɗakin zai kasance, kuma akwai na kyauta da ake buɗewa ta intanet.

Ga ma'aunan da ya kamata su zauna maka a ka. Ƙofar ɗaki yawanci santimita 90 ce, ta banɗaki 75. Tsayin teburin karatu 75, mazaunin kujera 45. Kantar girki tsayinta 85 zuwa 90, zurfinta 60. Wadirob ɗin da za'a rataye kaya a hanga yana buƙatar zurfin 60, in ninkewa kawai za'a yi 40 ma ya wadatar. Hanyar wucewa tsakanin kaya kar ta gaza 60, in da hali 75 zuwa 90.

Yanzu batun katifa, don ita ce ke cinye ɗakin. Mai 6 sau 6 tana cin kusan murabba'in mita uku da rabi, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin gaba ɗaya, kuma mutum ɗaya ne zai kwana akai. Wallahi ba dole bane. Mai huɗu da rabi, faɗinta wajen mita 1.35, ta ishi mutum ɗaya har da juyi, mai ƙafa 3 kuma in ka jingina ta da bango ta tsawonta ka jera filalla a baya, da rana ta zama kujerar baƙi. Ka kai ta lungun da yafi nisa da ƙofa yadda wanda ya leƙo daga waje ba zai fara cin karo da makwanci ba, mu dai kunsan ba'a son baƙo yaga shimfiɗar mutum kai tsaye. Labule ɗaya da aka ja daga silin, ko shelf mara baya da iska ke ratsawa, ya isa ya raba wajen kwana da wajen zama ba tare da an gina komai ba. Kuma in zaka sa kafinta ya haɗa gado, ya ɗaga shi kamar santimita 40 a saka durowa a ƙarƙashi, nan akwati da bargon sanyi da buhun shinkafa zasu ɓuya.

Ni a zanena na farko anan na faɗi. Na tsara komai tsaf, na kai wa malaminmu, bai ce komai ba sai ya ɗau kamfas ɗin zane ya kafa tsininsa a inda ƙyauren ƙofa yake maƙale, ya ja rabin baka mai faɗin ƙofar, layin ya bi ta kan kusurwar gadon. Ƙofar bazata buɗe ba sai rabi. Tun daga ranar duk zanen da zanyi, buɗewar ƙofa nake fara ja, ta ɗaki, ta banɗaki, ta wadirob, har ta firji, kafin in ajiye komai.

Wajen sallah kuma ka ware shi tun a zane, ba wai sai an gama a nemi inda ya rage ba. Dadduma bata wuce santimita 70 sau 120 ba, amma mai sujada yana buƙatar ɗan sarari gaba da baya. Alƙibla daga arewacin Najeriya gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, to ka duba kibiyar arewan da ka rubuta, ka tabbata mai sallah ba ƙofar banɗaki zai fuskanta ba, kuma ba akan hanyar shiga yake ba. Daɗin abin shine wannan filin na tsakiya da ka bari don sallah, shi ne dai wajen cin abinci, shi ne wajen guga, shi ne inda abokai zasu baje akan kafet. Fili ɗaya aiki huɗu. Shi yasa nake cewa kar ka cusa teburin tsakiya a irin wannan ɗakin, tumtum biyu na fata da ake turawa gefe sun fishi amfani.

Teburin karatu kusa da taga, hasken ya shigo ta gefe, in mai rubutu da dama ne ta hagunsa don kar inuwar hannu ta rufe takarda. Kuma kusa da soket, kar a ja waya ta ratsa tsakar ɗaki.

Lungun girki yana son kulawa ta musamman. Gas ɗin girki yafi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, kuma ɗalibai da yawa a ƙasa katifarsu take. Don haka silinda ta zauna nesa da makwanci, kusa da taga ko ƙofa, nesa da labule, kuma kar ka zana mata kabad rufaffe ruf mara hudar iska. Ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikin zanenka. Haka gawayi lokacin hunturu, ba'a rufe ɗaki dashi a kwanta, hayaƙinsa da ba'a gani yana kashe mutane. A ƙarƙashin kanta ka bar gurbin jarkoki biyu masu lita 25, a bakin ƙofa kuma ɗan wajen ajiye takalma, ka manta da waɗannan biyun kaga ɗakin ya hargitse cikin sati ɗaya komai kyan tsarinsa.

Duk sauran kaya ka hau dasu bango. Silin ɗinmu yakan kai mita 3, amma sai kaga komai a zube a ƙasa sama kuma fayau. Wadirob ya tafi har sama, shelf a saman tebur, ƙugiyoyi a bayan ƙofa. Sai dai ka tuna da ƙurar hunturu, duk abinda ka bari a buɗe daga Disamba zuwa Fabrairu sai ya koma ja, saboda haka littattafai da kwanuka sunfi son wuri mai murfi.

Iska da haske. In ɗakin nada taga biyu a bango daban-daban, kar ka tare ko ɗaya da dogon abu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. In tagar yamma take kallo sai labule mai kauri, da wani shara-shara a ciki na safe. Fitila ɗaya a tsakiyar silin bata isa ba, ka ƙara ta tebur da wata a saman kanta, ka kuma nuna inda fitila mai caji zata zauna. Ƙwan fitilar da aka rubuta wa 3000K haskensa ruwan ɗorawa-ɗorawa ne mai kwantar da ido, ya dace da wajen kwana, mai 6500K fari ne tas irin na karatu da girki.

Launi kuma kar ya wuce uku. Akwai ƙa'idar da ake koyarwa ta 60, 30, 10, kaso mafi yawa launi mai haske a bango kamar ruwan madara, na biyu a labule da kafet da katako, ɗan ƙaramin kason kuma shine mai ƙarfi da zai ja ido. A wannan goman ne zaka sa ɗakin yayi kama da namu. Ƙyalle ɗaya mai shuɗin baba daga marinar Ƙofar Mata a rataye a saman gado, ko faifai uku masu launi a jere a bango, ko zanen dagi a jikin filo. Iyayenmu mata da jeren kwanukansu da tasoshi tun da can sun san yadda ake mayar da kayan amfani su zama ado a ɗaki ɗaya tal, ba yau aka fara ba. Madubi dogo a bangon da ke gefen taga shima yana ƙara wa ɗaki haske da faɗi a ido. Amma tunda gidan haya ne, ka zaɓi abinda za'a iya cirewa a tafi dashi, fenti da huda bango sai da yardar mai gida.

Daga nan ka shiga kasuwa da ƙafarka. Kaje wajen kafinta da zanenka ya faɗa maka kuɗin gado da wadirob, in a Kano kake ka leƙa Kantin Kwari kaji kuɗin yadin labule, ka tambayi galan ɗin fenti, ka rubuta kowane farashi da ranar da ka jiyo shi don kaya basa zama wuri ɗaya. Ka roƙi ƴan guntayen yadi da ɓallin katako da katin launin fenti, ka manna su a kwali ɗaya, malamai na son su taɓa abu da hannu.

Abinda zaka miƙa a ƙarshe: zanen ɗakin yadda ka same shi, zanen sabon tsari da ma'aunai da kibiyar arewa, zanen fuskar bango aƙalla biyu da ke nuna tsayin kaya, wajen fitilu da soket, kwalin samfurin kaya, lissafin kuɗi, sai ɗan ƙaramin ɗakin kwali a sikelin 1:20 wanda rufinsa ke cirewa. Ka yanka ɗan mutum na kwali mai tsayin santimita 8 da rabi ka tsayar a ciki, daidai da mutum mai mita 1.7 kenan.

Ranar difens kar ka fara da launi. Ka ɗau ɗan mutumin nan ka bi dashi cikin ɗakin tun daga asuba, ya tashi anan, yayi alwala a can, ya shimfiɗa dadduma anan, ya ɗora shayi, ya zauna karatu, baƙi uku sun zo da yamma ga inda suka zauna, wuta ta ɗauke ga fitilar a kusa da hannunsa. Kafin ranar kuma in ɗakin da ka auna yana kusa, ka koma da alli ka zana girman gadon da wadirob ɗin a ƙasa, ka buɗe ƙofar har ƙarshe, ka bi ta tsakanin layukan ɗauke da bokitin ruwa kaga ko zaka wuce.