Shawara ga masu niyyar zuwa Namibiya yawon buɗe ido

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maraɗi. Mai son ganin namun daji, hamada da bakin teku a tafiya guda, Namibiya ta ishe shi.

Kafin ka kama hanyar Yamai, ka gama da biza da katin allurar ciwon shawara, don ana tambayar katin ga wanda ya fito daga Nijar. Ka tafi tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin raninsu. Ruwa ya ƙafe, giwaye, raƙuman dawa da karkanda duk suna taruwa a mashaya a gandun Etosha. A Okaukuejo ma, wani masauki a cikin gandun, akwai fitila a mashayar, har dare kana kallo. Cikin gandun ba a sauka daga mota, ba a wuce kilomita 60 a awa, ƙofa kuma tana rufewa da faɗuwar rana.

Hanya ita ce abin tsoro. Hagu suke tuƙi, kuma yawancin hanyoyin tsakuwa ne. Kada ka wuce 80, don taka birki da ƙarfi a kan tsakuwa shi ke kifar da mota. Ka riƙe tayar canji 2 da ruwan sha mai yawa, ka cika tanki a duk gidan mai da ka gani. Kilomita 5 na ƙarshe zuwa Sossusvlei, wurin manyan tuddan rairayi a hamada, rairayi ne zalla, sai mota 4x4, ka rage iskar tayu don kada ta kafe. Ka hau tudun rairayin da sassafe, da hantsi yana ƙona ƙafa.

Swakopmund kuwa, garin bakin teku, hazo ne da iskar teku mai sanyi kamar tsakiyar hunturu, ka tafi da rigar sanyi mai kauri.