Yadda Nake Ciro Akwatin Esi da Hita Daga Bayan Dashbod

Idan gilashin gaba yana yin maiƙo daga ciki, kafet ɗin gefen fasinja kuma kullum a jiƙe da ruwa mai santsi, to hita ce ta huje, wato ƙaramin lagireton da ke ɗumama cikin mota. Idan gas ɗin esi ne ke zurarewa, an duba tiyo da kwamfaresa ba a ga yoyo ba, sai a zargi ebaforeta, wato ɓangaren esi da ke sanyaya iskar da ke shiga cikin mota. Su biyun a akwati ɗaya suke zaune a bayan dashbod, kuma a yawancin motoci sai an sauke dashbod ɗin kacokan kafin a kai gare su. Ni yini guda nake ware wa aikin nan.

Ka miƙe tayoyin gaba, ka tura kujeru baya, sannan ka cire wayar batir ta negatif. Ka jira kamar minti 10 kafin ka taɓa soket mai ruwan ɗorawa, don na jakar iskar kariya ne.

Sai gas. Don Allah kada ka sassauta noti ka sake shi a iska. Gas ɗin esi irin R134a a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, in ya fesar maka a ido ko hannu, ƙunar sanyi ce ta gaske. A zuƙe shi da na'ura. Ruwan lagireto kuwa sai inji ya huce za ka juye shi.

Yanzu ka koma ƙarƙashin bonet, jikin bangon da ya raba inji da cikin mota. Tiyo biyu na hita da bututu biyu na esi nan suke shiga. Tiyon da ya daɗe yakan manne. Ka murza shi a hankali, in ya ƙi ka tsaga shi da reza ka sayi sabo, domin bututun hita siriri ne, yana lanƙwashewa. Ka hura iska ta ɗaya bakin, ragowar ruwa ya fita ta ɗayan. Bututun esi kuma da zarar ka buɗe, ka toshe bakinsu nan take. Man da ke ciki yana shan danshi, danshin kuma shi ke cin kwamfaresa daga baya.

A cikin mota, kafin ka zare kowane soket ka ɗauki hotonsa da waya. Ka ɗaure sitiyari kada ya juya, in ba haka ba siririyar wayar da ke naɗe a bayansa za ta tsinke. Dashbod kuma ku biyu za ku ɗauke shi.

Akwatin kansa ba ya son ƙarfi. In ka ja ya ƙi motsi, akwai notin da ka manta, galibi ta gefen inji, ɓoye a ƙarƙashin abin tare zafi. Ina sabon hannu na taɓa fizgar wani, kunnen robar ya ɓalle, motar nan ta riƙa ƙara har sai da aka canza akwatin.

Wajen mayarwa ka sa sababbin zoben roba, ka shafa musu man esi, ka tabbata tiyon zubar da raɓa ya leƙa waje. A zuƙe iskar cikin bututun esi na aƙalla minti 30, sannan a auna gas daidai da nauyin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.